Malama Kirdado da 'Yar Takardar Minti Goma

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda ɗaliban jami'a suka fi sani da Malama Kirdado, a farkon daminar shekarar 1954, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa, a gidan da ke bayan tasha. Mahaifinta kafinta ne mai rufin gidaje, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki da keke a ƙofar ɗakinta. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma da yake sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, mahaifin bai taɓa kama sunanta ba har ya koma ga Mahaliccinsa, sai dai ya ce Uwata.

A gidan nan da awo ake kwana, da shi ake tashi, duk da cewa babu wanda ya taɓa zama a aji cikin iyayen biyu. Mahaifiyar takan dubi mutum sau ɗaya ta faɗi yadin da zai ishe shi. Mahaifin kuwa yakan tsaya gaban gini, hannuwansa a baya, ya zagaya shi sau ɗaya, sannan ya faɗi bandir nawa na kwano za a saya, kowane bandir kwano ashirin. Ba a taɓa jin ya mayar da ragowa kasuwa ba, ba a kuma taɓa jin ya koma ƙaro wani ba, kuma da wannan shaida ya ciyar da iyalinsa.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1961, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1968, inda malamanta suka lura cewa tana gama aikin lissafi tun sauran ba su gama kwafe tambaya daga allo ba. A shekarar 1974 ta samu gurbi a jami'a, ta karanci lissafi, ta kammala a 1977 da daraja ta ɗaya. Ta dawo gida da takardar shaida da kuma ɗan girman kai irin na mai shekara ashirin da uku wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma ita da kanta ce ta riƙa faɗin haka daga baya.

Rufin mai gidan burodi

A hutun wannan shekarar ne wani mai gidan burodi ya ba mahaifinta aikin sake rufin ɗakin da yake ajiye fulawa. Mahaifin ya zagaya ginin kamar yadda ya saba, ya ce bandir biyar, sannan, saboda yana so mutane su ga abin da 'yarsa ta zama, ya juya ya ce, "Uwata, ke da kika karanci abin, zo ki duba mana." Ta auna tsawo da faɗi, ta auna gangaren rufin, ta cika shafi biyu, ta fito da kwano saba'in da takwas da ɗigo huɗu. Ta yi 'yar dariya a gaban mai burodin ta ce, "Baba, naka ai kirdado ne. Lissafi ba ya ƙarya, bandir huɗu ya isa har da saura." Mahaifin ya dube ta, ya dubi ginin, ya ce, "To, a sayo huɗu."

Aka kware tsohon rufin, aka fara ɗora sabo, kwano ya ƙare da sauran kusurwa guda a buɗe. A wancan zamani daga birni ake kawo kwano a jirgi, kuma sai an jira kwana huɗu. A rana ta biyu da la'asar hadari ya haɗu, tabarmi da buhunan da aka rufe wajen da su ba su yi komai ba, ruwa ya jiƙa fulawar mutumin. Da mai burodin ya zo yana faɗa, kafintan ya sunkuyar da kai ya ce, "Idona ne ya fara gajiya, laifina ne, ka yi haƙuri." Bai ambaci 'yarsa ba ko da kalma ɗaya, alhali tana tsaye a bayansa.

Washegari da safe ya kira ta tsakar gida, ya shimfiɗa kwano biyu a ƙasa, ya ɗora bakin ɗaya a kan na ɗayan. Ya ce, "Kin gani, kwano ba ya zama gefe da gefe, sai an haɗa baki, in ba haka ba ruwa ya bi ta tsakani. Kuma dole ya leƙo waje ya kare bango. Lissafinki daidai ne, Uwata, rufin ne ba ki taɓa hawa ba." Kunyar wannan safiya ba ta bar ta ba tsawon rayuwarta, haka ma godiyar da take wa mutumin da ya sadaukar da shaidarsa ta shekara talatin don kada a yi wa 'yarsa dariya a gari.

Aiki, aure da iyali

Jami'ar da ta yi karatu ta ɗauke ta mataimakiyar malama a shekarar 1978. A 1979 ta auri wani ma'aikacin gidan waya, mutum mai sanyin hali da barkwanci, wanda yakan gaya wa baƙi cewa matarsa ta san taki nawa ne daga ƙofar gida zuwa kasuwa amma ba ta san inda ta ajiye tabaronta ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1980 da 1988. Cikin hidimar goyo da koyarwa ta samu digiri na biyu a 1982, na uku kuma a 1989. Mahaifinta ya rasu a 1990, kuma cikin kayan aikinsa ita aka ba tef ɗin awonsa, wanda lambobinsa na farko suka goge saboda daɗewa a hannu.

Tsara kwas

A shekarar 1991, tana duba takardun jarrabawar 'yan shekarar farko a ofishinta, sai ta ci karo da wani ɗalibi da ya lissafa tsawon tankin ruwa ya samu kilomita huɗu, ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashin amsar don kada a rasa ganinta. Takarda ta gaba ta nuna mutum yana tafiya a ƙasa kilomita ɗari uku a awa guda. Duk matakan aikin daidai suke, ɗigo ne kawai ya goce, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin irin wannan tanki ko irin wannan mutum. Malama ta ajiye jan bironta, domin ta gane kanta a cikin takardun nan. Ta ƙudura a ranta cewa jami'a ba za ta ci gaba da yaye mutanen da ba su taɓa hawa rufi ba.

Ta shafe shekara guda tana tsara kwas da ta kira Lissafi a Aikace, wanda kowane ɗalibin shekarar farko zai yi, ko shari'a ya zo karanta ko harshe ko likitanci. Tambayoyin kwas ɗin ba daga littafi za su fito ba, daga bakin ƙananan ma'aikatan jami'ar za a ɗauko su, irin su mai gyaran famfo, da direban tankar ruwa, da ma'aikaciyar jinya ta asibitin ɗalibai, da mai lambu. Amma abin da ya fi ta da ƙura shi ne tsarin jarrabawar. Minti goma na farko kowa zai tura kalkuletarsa ƙarƙashin kujera, a ba shi 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, ya rubuta da biro abin da yake tsammanin amsa za ta kai, a tattara takardun, sannan a fara lissafi. Rabin maki yana kan wannan 'yar takarda. Wanda kirdadonsa bai gaza rabin amsa ba, bai kuma wuce ninkinta ba, ya samu cikakken maki. Wanda ya kauce da ninki goma kuwa sifili ne, ko ɗan waye shi.

Mutum na farko da ta nema shi ne mai fentin jami'ar, wani gajeren dattijo da kowa ke kira Baba Mai Fenti, wanda hularsa ke ɗauke da launin kowane gini da ke harabar. Ta same shi a ɗakin ajiyar kayan aiki yana wanke burushi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa aji huɗu na tsaya. So kike farfesoshi su samu abin dariya?" Ta jawo bokitin fenti da ba komai a ciki ta kife, ta zauna, ta ba shi labarin rufin mai burodi. Da ta kai ƙarshe ya ce, "To rubuta. Sabon bango yana shan fenti fiye da tsoho. Ki tambaye su ko sun san haka." Daga ranar, a kan kifaffun bokitai ake zaman tsara tambayoyi a farkon kowane zango.

Gaban majalisar jami'a

Majalisar malaman jami'a, wadda ita ke da ikon amincewa da sabon kwas, ta yi watsi da takardar a 1992, ta sake yin watsi da ita a 1993. Wani babban farfesa ya ce jami'a ba garejin koyon sana'a ba ce, wani kuma ya tambaya ko nan gaba mai shara ne zai riƙa sa hannu a takardar digiri. Bisa ƙa'idar majalisar, abin da aka ƙi sau uku ba a sake kawo shi sai bayan shekara biyar, saboda haka zaman watan Oktoba na 1994 shi ne damarta ta ƙarshe. Baba Mai Fenti ya rako ta, amma da yake ba ɗan majalisa ba ne, sai ya zauna a bencin da ke baranda.

A wannan karon ba ta karanta jawabi ba. Ta roƙi shugaban jami'a minti goma, ta raba 'yan takardu ga mutum arba'in da takwas da ke zaune, ta ce, "Ina neman alfarma, kowa ya dubi bangon zauren nan, ya rubuta bokiti nawa na fenti mai lita ashirin zai ci, shafi biyu. Ba sai an sa suna ba." Wasu suka yi tsaki, wasu suka yi murmushi, amma kowa ya rubuta, domin babu malamin da ke son a ga ya bar takarda ba komai. Da ta karanta amsoshin a fili, an samu mai rabin bokiti, an samu mai bokiti ɗari biyu, kuma mutum tara kacal ne suka faɗa tsakanin biyu da shida. Shugaban ya tambaya wa ya san gaskiyar amsar, ta ce yana zaune a baranda.

Aka shigo da Baba Mai Fenti yana goge hannu a jikin rigarsa. Ya gaishe su, ya ɗaga kai ya bi bangon da kallo, ya ce, "Uku ne, ranka ya daɗe, in bangon bai sha ba. In ya sha, huɗu." Aka aika sashen gine-gine aka duba kundin aikin da aka yi shekara biyu da suka wuce, aka tarar uku da rabi. Majalisa ta amince da kwas ɗin a matsayin gwaji na shekara ɗaya, da ƙuri'a ashirin da shida.

Da suka fito baranda, saura 'yan takardu biyu a hannunta. Baba Mai Fenti ya ce, "To Malama, ke mai son kirdado, shekara nawa wannan abu namu zai yi kafin su kashe shi?" Ta miƙa masa ɗaya ta riƙe ɗaya, kowa ya juya baya ya rubuta nasa, ta zuba su a ambulan ba tare da ta duba ba, ta liƙe.

Shekarun koyarwa

An sabunta gwajin a 1995, an mai da kwas ɗin na dindindin a 1998. A shekarun nan ne ɗalibai suka laƙaba mata Malama Kirdado, domin ko lokaci ka tambaye ta sai ta ce ka fara kirdado kafin ta duba agogo. Ba za a ce kowa na sonta ba. Ba ta ƙara maki ko rabi, kuma ta sa 'ya'yan manya sun tsuguna suna auna bakin kwalbati da igiya a tsakiyar rana. Sai dai waɗanda suka yi ta zaginta a ɓoye su ne daga baya suke tsayar da mota a hanya su fito su gaishe ta. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa gaya mata cewa har yau ba ta zuƙar magani a sirinji sai ta fara raya adadin a ranta, wani lauya kuma ya ce da kirdado ya gane takardar filin da aka kawo masa ta fi girman unguwar gaba ɗaya.

Ta zama farfesa a 2005, kuma abokan aikinta sun sha faɗa mata cewa da ta rage zama a kan bokiti ta ƙara rubuta maƙalu, da ta samu wannan matsayi shekara goma kafin nan. Takan amsa da cewa bokitin ya fi kujerar ofis daɗin zama. Baba Mai Fenti ya yi ritaya a 2003 amma bai fasa zuwa zaman tambayoyi ba har rasuwarsa a 2011, kuma ta tsaya kai da fata sai da aka buga sunansa kusa da nata a bangon littafin kwas ɗin. Maigidanta ya rasu a 2016, bayan shekara talatin da bakwai suna tare.

Ritaya da zaman 2021

Ta yi ritaya a 2019, ta miƙa kwas ɗin ga wani tsohon ɗalibinta, wanda ita ce ta ba shi sifili a 'yar takardarsa a 1996, ya maimaita, daga bisani ya zama malami a sashen. A shekarar 2021 yawan 'yan shekarar farko ya haura dubu shida, jami'a ta mayar da jarrabawarsu kan kwamfuta, wani kwamiti kuma ya ba da shawarar a soke 'yar takardar minti goma da zaman tsara tambayoyi da ma'aikata, saboda ɓata lokaci ne. Malama ta san cewa in aka cire waɗannan biyu, suna ne kawai zai rage. Hankalinta ya tashi ƙwarai, kuma ba ta da ƙuri'a, ba ta da ikon shiga zauren. Ranar zaman ta sa 'yarta ta kawo ta, ta zauna a bencin baranda, wanda aka sake wa katako amma yana nan inda yake.

A ciki, magajin nata bai yi gardama da kwamitin ba. Ya roƙi minti goma, ya raba 'yan takardu ga mutum sittin da uku, ya yi tambayar bango da bokiti. Waɗanda suka halarta sun ce tun bai rufe baki ba aka ji ƙarar wayoyi ana tura su ƙarƙashin kujeru, ba tare da kowa ya ba da umarni ba, domin fiye da rabin majalisar a lokacin tsofaffin ɗaliban kwas ɗin ne. Mutum arba'in da ɗaya suka faɗa tsakanin biyu da shida. Shugaban jami'ar, wanda a wata jami'a ya yi karatu, ya ɗaga tasa takardar da kansa ya nuna cewa arba'in ya rubuta, ya yi dariya, ya ce a bar wa yara takardarsu. Aka yanke cewa lissafi zai koma kwamfuta, amma kirdado zai ci gaba a takarda, a karɓa a bakin ƙofa.

Da aka buɗe zauren, shugabannin sassa da farfesoshi suka riƙa fitowa suna rusunawa a gaban bencin. Magajin ya zo ƙarshe, ya durƙusa ya ajiye mata damin takardun a cinya, ya ce, "Malama, ga aikin ajinki, ki duba." Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, uku, huɗu, uku, uku da rabi. Hawaye ya zubo mata a gaban mutane, ba ta kuma ɓoye ba, domin farin ciki ne. Ta ce, "Ashe sun hau rufin."

Rasuwa

Ta ƙarasa shekarunta a gidanta tana lambu da karɓar jikoki, waɗanda ba sa samun alewa sai sun kirdadi adadin da ke cikin kwalba. Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Talata cikin watan Disamba na shekarar 2024, bayan gajeruwar jinya, tana da shekara saba'in. An yi mata sallah bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar da mijinta yake, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makara akwai shugabannin tsangayoyi, da direban tankar ruwa, da ɗan Baba Mai Fenti.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta likitar dabbobi, sai namiji injiniyan ruwa, sai mace malamar firamare, sai auta wanda ya gaji kakansa a aikin katako da rufi, tare da jikoki tara.

Kwana uku bayan rasuwar, babbar 'yar tana gyara teburinta ta tarar da tef ɗin kakansu a aljihun tebur, da wata tsohuwar ambulan a ƙarƙashinsa, an farke bakinta. A ciki akwai 'yan takardu biyu da suka yi rawaya. Ɗaya tana ɗauke da manyan lambobi masu karkata na Baba Mai Fenti, ashirin da biyar, an yi mata maki cikakke da jan biro. Ɗayar da rubutun mahaifiyarsu ne, shekara uku. A ƙarƙashinsa ta sa kwanan watan Oktoba na 2024, ranar da kwas ɗin ya cika shekara talatin, ta rubuta cewa an kauce da ninki goma, ta zagaya wa kanta sifili kamar yadda ƙa'ida ta ce, sannan ta ƙara kalma biyu a gefe: Alhamdu lillahi.

Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da mahaifinta da Baba Mai Fenti a gidan rahama.